Kwana 12 bayan tiyatar zuƙe kitse: cikina ya kumbura ya yi tauri, shin haka ake yi?

Baƙuwa daga Kaduna:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe ina karanta abin da ake tattaunawa a nan ban taɓa cewa uffan ba, amma yau damuwa ta sa dole in yi tambaya, kuma ina roƙon duk wanda zai amsa mini ya dubi halin da nake ciki kafin ya dubi dalilin da ya kai ni.

Shekarata 34, 'ya'yana uku, biyu daga cikinsu da tiyata aka ciro su. Yau kwana 12 ke nan da aka yi mini aikin zuƙe kitse a wani asibitin kuɗi a Legas. An cire kitsen daga ciki da kwiɓi da gadon baya, sannan aka tace wani kaso aka mayar mini a ƙugu da mazaunai, wato aikin nan da ake kira BBL. Na kwana biyu a asibitin, na ƙara kwana shida a gidan wata ƙawata, sannan na hau jirgi zuwa Abuja, daga can aka ɗauko ni a mota zuwa Kaduna ina kwance rub da ciki a kujerar baya.

Abin da ke tayar mini da hankali shi ne cikina ya fi girman da yake kafin a yi aikin, kuma ya yi tauri kamar katako, in na taɓa fatar ba na jin taɓawar sosai, sai ƙaiƙayi daga ciki wanda ba ya sosuwa. A ƙasan cibiya ta ɓangaren hagu akwai wurin da ya tasa, idan na juya a kan gado sai in ji abu yana motsi kamar ruwa a cikin leda. Rigar matsin da aka ba ni tana cin fatata a kwiɓi, ga zafin gari. Na aika wa asibitin hoto ta WhatsApp, amsar da aka ba ni ita ce babu komai, in ci gaba da tausa. Goggona da ke jinyata kuma ta dage cewa kumburi ba shi da magani sai gashi, tana so ta dafa ruwa da ganye ta gasa ni kamar yadda ta yi mini lokacin jego. Ban ƙi ta ba, ban kuma yarda ba.

Don Allah ina so in san ko wannan kumburin na hanya ne, ko gashin zai taimaka, yaushe zan fara zama, yaya zan yi da sallah tunda an hana ni zama, kuma yaushe mutum yake ganin ainihin sakamakon aikin.

Ma'aikaciyar jinya, sashen tiyata:

Wa alaikumus salam. Sannu 'yar uwa, Allah Ya ba ki lafiya. Zan fara da maganar gashin, domin ita ce mafi gaggawa. Ki ba Goggo haƙuri cikin ladabi, amma kada a sa miki ruwan zafi, ko tawul mai zafi, ko robar nan ta ruwan zafi a ko'ina a wuraren da aka yi aikin. Ke da kanki kin ce ba kya jin taɓawa sosai. Siririn bututun da ake zuƙe kitsen da shi yana kai da kawowa a ƙarƙashin fata, yana wahalar da ƙananan jijiyoyin da ke sanar da mutum zafi da sanyi, kuma sukan ɗauki makonni ko watanni kafin su farfaɗo. Mai jego idan ruwa ya yi mata zafi za ta zabura ta ce a sirka. Ke kuwa fatarki za ta iya ƙonewa ta saɓule ba ki sani ba, kuma fata ce wadda jinin da ke isa gare ta ya riga ya ragu, saboda haka ƙunar ba za ta warke da wuri ba. Haka ma ƙanƙara, kada a ɗora miki ita kai tsaye. Wanka da ruwa mai ɗumi kaɗan, wanda wani zai gwada miki da hannunsa, ya wadatar, kuma kada ki jiƙa jikinki a cikin baho sai ƙananan ramukan sun rufe.

Kumburi da tauri a mako na biyu abin da aka saba gani ne. Kafin a zuƙe kitsen ana ɗura ruwa mai yawa a ƙarƙashin fata, mai ɗauke da gishiri da maganin kashe zafi da maganin da ke matse jijiyoyin jini, sannan jiki da kansa yana tara ruwa a duk inda aka ji masa rauni. Amma wurin nan da kika ce yana motsi kamar ruwa a leda, shi ba na so ki zauna a kansa. Da alama ruwa ne ya taru a wuri guda, kuma tausa ba ta cika kawar da irinsa ba. Likita ne zai duba, in da hali a yi sikanin, sannan a zuƙe shi da sirinji a wuri mai tsabta, wani lokaci sau biyu ko uku kafin ya daina taruwa. Idan aka bar shi ya daɗe yakan yi wa kansa jaka, ko ƙwayoyin cuta su shiga. Ki je asibitin koyarwa ko babban asibiti mafi kusa da ke, ki nemi sashen tiyatar gyaran jiki, ki gaya musu gaskiyar abin da aka yi miki da ranar da aka yi. Na san kunya ce ke hana mata da yawa zuwa, har sai abu ya lalace. Ba wanda zai kore ki.

Akwai kuma alamomin da ba a jira gari ya waye a kansu. Idan numfashinki ya fara sarƙewa, ko ƙirjinki ya riƙe, ko zuciyarki na bugawa da sauri kina zaune ba ki yi komai ba, ko ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo a sha-raɓa, to ana tsoron gudan jini ne, kuma tafiyar da kika yi ta jirgi da mota a kwana na takwas tana ƙara wannan haɗari. Idan wuri ya yi ja, ya ɗau zafi, ciwonsa yana ƙaruwa maimakon raguwa, ko ya fara fitar da ruwa mai wari, ko fatar ta fara yin baƙi, shi ma asibiti ne nan take. Zazzaɓi kuwa, don Allah kada ki yanke wa kanki hukuncin cewa na cizon sauro ne ki aika kemis a sayo magani. Mun sha ganin wadda ta yi kwana huɗu tana shan maganin maleriya alhali ciwon yana ƙarƙashin rigar matsi.

Ita rigar, aikinta ta riƙe fata ta manne da naman da ke ƙasa, ba ta shaƙe ki ba. In tana cin fata ko tana naɗewa ta bar shata mai zurfi, to girmanta bai yi ba, kuma wannan shatar tana iya zama tabo. Ki sa 'yar shimi ta auduga marar ɗinki mai kauri a ciki, ki samu ta biyu don ki riƙa wankewa. Yawancin likitoci suna cewa a sa ta dare da rana mako huɗu zuwa shida. Ki riƙa tashi kina zagaya tsakar gida kowane awa biyu da rana, ki sha ruwa sosai, ki rage gishiri da dunƙulen miya, ki ci ƙwai da kifi da wake da hanta da zogale, domin ana asarar jini a wannan aikin fiye da yadda mutane suke zato. Idan kina jin jiri in kin miƙe, a auna yawan jininki.

Wadda aka yi wa bara:

Sannu ƙanwata. Ni wata 14 ke nan da aka yi mini irin naki a Istanbul, kuma da na karanta saƙonki sai na tuna daren da na tsaya gaban madubi a mako na biyu na fashe da kuka, ina cewa na biya kuɗi an lalata mini jiki. Cikina a lokacin kamar mai cikin wata biyar, cinyoyina duk jini ya kwanta sun yi shuɗi-shuɗi, ƙafafuna ba sa shiga takalmi. Ban fara ganin ƙuguna ya fito ba sai a mako na shida, taurin kuma bai sake ni ba sai wajen wata na huɗu. Har wata na shida, in na wuni a tsaye ko na ci abu mai gishiri, da yamma sai cikin ya ɗan tasa.

Game da zama, likitana ya hana ni zama kwata-kwata mako biyu, ban da shiga bayi. Daga nan har mako na takwas da filo na musamman nake zama, wanda ake sa wa a ƙarƙashin cinyoyi don mazaunan su kasance a sake ba su taɓa kujera ba, kuma ba na wuce minti ashirin ban miƙe ba. Abinci a tsaye nake ci, ko in durƙusa a gaban kujera in jingina da gwiwar hannu. Barci rub da ciki, da ƙaramin filo a ƙarƙashin ƙirji da wani a ƙarƙashin ƙwauri, domin ni ma an sa mini a ƙugu, kwanciyar gefe ba ta yiwu ba. Wuyana ya sha wahala ƙwarai. Ki guji adaidaita sahu a wannan lokacin, ramukan titi kaɗai sun isa su hana ki barci.

Ki shirya wa abu guda a ranki: girman da kike gani a baya yanzu ba shi zai tsaya ba. Wani kumburi ne, wani kuma kitse ne da jiki zai shanye. Nawa ya ragu sosai tsakanin wata na farko da na uku, har na yi zaton duk zai tafi, sai kuma ya tsaya. Ɓangaren dama ya ɗan fi na hagu cika har yau, amma ni kaɗai nake lura. Abin da ba a gaya mini ba kafin aikin shi ne zuƙe kitse ba ya gyara fatar da haihuwa ta saki. Fatar ƙasan cibiyata tana nan da 'yan tamoji, kuma nankarwa ba ta tafi ko'ina ba. Ƙananan tabon ramukan sun yi baƙi kusan shekara kafin su fara dusashewa, ɗaya a bayana ya ɗan tasa. Kada ki shafa musu man bilicin, wata da muka yi jinya tare ta gwada, wurin ya ƙara baƙi.

Tausa kuwa ni ta taimake ni, ina jin sauƙin taurin duk ranar da aka yi mini. Sai dai na yi kuskure guda da nake so ki kauce masa. Bayan na dawo gida na kira wata mai tausa da aka yaba mini, ta zo ta ce ruwa ya taru, ta sa allura ta buɗe ramin da ya riga ya rufe, ta riƙa matsawa ina ihu. Bayan kwana uku wurin ya yi ja ya fara mugunya, na yi mako biyu ina shan magani ana wanke mini ciwo. Duk wadda ta zo da allura ko reza, ki sallame ta tun daga ƙofa.

Ɗan uwa daga Zariya:

Allah Ya ƙara sauƙi, Hajiya. Ni a kan sallah kawai zan yi magana. Hadisin Imrana ɗan Husaini sananne ne, cewa marar lafiya ya yi sallah a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kwance a gefensa. Malamai sun fitar daga nan cewa mutum yana yin rukunin da zai iya, wanda zai cutar da shi kuma ya yi nuni. Tunda ke tsayuwa ba ta gagare ki ba, zaman ne matsala, ki tambayi likita a fili ko ruku'u da sujada da ɗan gajeren zaman tahiya za su taɓa aikin, sannan ki kai amsarsa ga malamin da kika amince da shi ya nuna miki yadda za ki yi. Kada ki bar sallah ta taru a kanki saboda wannan.

Likita mai neman ƙwarewa a tiyata:

Hajiya, sannu da jiki. Duk abin da Sista ta faɗa na sa hannu a kai, musamman zuwa a duba wurin da ruwa ya taru a cikin wannan makon. Zan ƙara bayani a kan dalilin dokokin da aka gindaya miki, domin wanda ya san dalili ya fi riƙe doka.

Kitsen da aka mayar miki nama ne mai rai wanda aka raba da jijiyoyin da ke ciyar da shi. A kwanakin farko yana rayuwa ne da abin da yake tsotsa daga ruwan naman da ke kewaye da shi, kafin sababbin ƙananan jijiyoyin jini su tsiro su shige shi. Duk ƙwayar kitsen da jini bai kai gare ta a kan lokaci ba mutuwa take yi, jiki ya shanye ta, ko ta zama ɗan ƙulli mai tauri, ko 'yar jakar mai. Shi ya sa ake hana dogon zama, shi ya sa kuma rigar matsi ba a so ta danne mazaunai da ƙugu. Shi ya sa sigari da shisha suke ɓata wannan aiki, domin nikotin yana tsuke jijiyoyin da ake jira su buɗe. Kuma shi ya sa ba yanzu ne lokacin rage cin abinci ba. Likitoci kan gaya wa majinyata cewa kashi 60 zuwa 80 cikin 100 na kitsen ne ke tsira, ko da yake alƙaluman bincike sun bambanta da juna sosai. Abin da ya rage bayan wata uku galibi shi ne naki, siffar ciki da kwiɓi kuma ba a yanke mata hukunci sai an kai wata shida, wani lokaci shekara. Duk mai ce miki ki zo a yi gyara kafin nan, kada ki saurare shi.

Babban haɗarin BBL shi ne kitse ya shiga manyan jijiyoyin jini da ke cikin tsokar mazaunai ya wuce zuwa huhu. A 2017 wani kwamitin likitocin gyaran jiki a Amurka ya ƙiyasta cewa ana rasa kusan mutum 1 cikin 3,000 da aka yi wa aikin, abin da ya sa aka fitar da gargaɗi cewa a riƙa zuba kitsen a ƙarƙashin fata kawai, kada a kai shi cikin tsoka. Ƙungiyar likitocin gyaran jiki ta Birtaniya ta nemi mambobinta su dakatar da aikin a 2018, ba ta sassauta ba sai 2022, bisa sharaɗin a yi shi a saman tsoka ana kallo da na'urar sikanin. Na kawo wannan ne don in kwantar miki da hankali ta fuska ɗaya: wannan haɗarin yawanci a kan teburin tiyata yake faruwa ko cikin awannin farko, kin riga kin wuce shi. Waɗanda suka rage miki su ne gudan jini, wanda haɗarinsa ke kai makonni, da shigar ƙwayoyin cuta. Akwai wani nau'in ƙwayar cuta, dangin ta tarin fuka, da ke fitowa makonni ko watanni bayan aiki a matsayin ƙuraje masu ɗigar ruwa waɗanda ba sa jin maganin da aka saba bayarwa. In kin ga irin haka, a ɗauki ruwan a kai ɗakin gwaji, kuma a gaya musu an yi miki tiyatar kitse.

Amsar da asibitin ya ba ki ta waya ba ta gamsar da ni ba. Hoto ba ya maye gurbin hannun likita. Mu 'yan Najeriya ba mu manta da Stella Obasanjo ba, uwargidan shugaban ƙasa na wancan lokacin, wadda ta rasu a Sifen a watan Oktoba na 2005 bayan aikin zuƙe kitse. A 2009 kotu a can ta samu likitan da laifin sakaci, bayan ta tabbata cewa bututun ya huda mata hanji kuma an yi jinkirin kai ta inda za a cece ta. Ba ina cewa abin da ke damunki ke nan ba, domin hujin hanji yana bayyana ne a kwanakin farko da matsanancin ciwon ciki. Ina nufin jinkiri shi ne yake mayar da abin da ake iya gyarawa ya zama wanda ba a iyawa. Ki nemi asibitin ya turo miki rahoton aikin a rubuce: lita nawa aka zuƙe, nawa aka mayar a kowane ɓangare, a wane zurfi, da magungunan da aka ba ki. Haƙƙinki ne, kuma likitan da zai gan ki a Kaduna zai buƙace shi.

A kan tausa, ina girmama abin da Antin da aka yi wa bara ta gani a jikinta, amma hujjar bincike a kan cewa tausa tana canza sakamakon ƙarshe ba ta da ƙarfi. Tausa mai laushi, kamar shafa, tana rage jin nauyi da tauri, ba na hana ta. Wadda ke sa mutum ihu ko ta bar shatar jini ɓarna take yi, kuma ba a taɓa inda aka dasa kitsen.

Saura maganar gaba. Ƙwayoyin kitsen da aka cire ba sa dawowa, amma waɗanda suka rage suna iya ƙara girma. Wani bincike na Jami'ar Kolorado da aka buga a 2011 ya nuna cewa cikin shekara guda kitsen matan da aka yi wa aikin ya koma yadda yake, sai dai ya fi taruwa a saman ciki. Wani kuma da aka yi a Sao Paulo ta Burazil a 2012 ya gano cewa matan da ba su motsa jiki ba bayan aikin, kitsen da ke cikin cikinsu kewaye da hanji ya ƙaru da kusan kashi 10 cikin 100 a wata shida, waɗanda suka motsa jiki kuwa bai ƙaru ba. Wannan kitsen na ciki bututu ba ya kai gare shi, kuma shi ne mai alaƙa da ciwon suga da hawan jini. Saboda haka idan likita ya ba ki izini, galibi bayan mako shida, ki koma motsa jiki da gaske. Kitsen da aka dasa ma yana bin nauyinki, in kin rame ya ragu, in kin yi ƙiba ya ƙaru, kuma sake ɗaukar ciki zai iya sauya siffar gaba ɗaya.

Baƙuwa daga Kaduna:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka wa kowannenku da alheri. Na karanta wa Goggo amsar Sista daga farko har ƙarshe, da aka zo wurin ƙuna sai ta yi shiru, daga baya ta ce ai ba ta san fatar ba ta ji ba. Ita ce ma ta raka ni asibiti jiya da safe.

An yi sikanin, an ga ruwa a ƙasan cibiya kamar yadda aka yi zato, likita ya zuƙe kusan cikin kofin shayi, ruwan ɗorawa-ɗorawa marar wari, kuma nan take wurin ya faɗa. Ya ce in dawo bayan kwana huɗu domin yana iya sake taruwa. An auna jinina an ce ya yi ƙasa, an ba ni maganin ƙarin jini. Rigar ma ya ce ta yi mini kaɗan, ya nuna mini inda ta fara cin fata, an sa bandeji a wurin, yau ƙanwata za ta sayo mini mai ɗan girma. Ya duba ƙafafuna bai ga alamar gudan jini ba. Game da sallah ya ce ruku'u da sujada ba matsala in na yi a hankali, zaman ne yake so in ɗaga nauyina daga mazaunai har mako biyu masu zuwa, kuma maigidana zai kai wa limamin unguwarmu maganar yau bayan la'asar.

Na rubuta wa asibitin Legas ina neman rahoton aikin, har yanzu ba su turo ba. Likita, idan suka ci gaba da yin shiru, wace hukuma ya kamata in kai wa ƙorafi, kuma zan iya yin haka ba tare da na koma Legas ba?